Kowace Cuta da Ƙofarta: Fashin Baƙi kan Kare Kai Lokacin Annoba, a Gida da a Hanya

Ranar 10 ga Maris, 2020, mutum 61 suka haɗu a wani ɗakin taro na coci a garin Mount Vernon da ke jihar Washington ta Amurka domin atisayen waƙa. Ba wai labarin annoba bai zo musu ba ne. An ajiye man tsaftace hannu a bakin ƙofa, sun kuma guji musabaha da rungumar juna. Awa 2 da rabi suka yi suna rera waƙa, sannan kowa ya kama gabansa. Kafin wata ya ƙare, fiye da 50 daga cikinsu sun kwanta da korona, mutum 2 kuma suka ce ga garinku nan. Mutum ɗaya ne tal aka gano ya shigo da ita, yana ɗauka mura ce ke damunsa.

Waɗannan mutane ba sakaci suka yi ba. Sun tsare ƙofa iya ƙarfinsu, sai dai ba ta nan ɓarawon ya shigo ba. Hannu suka kiyaye, cutar kuma ta bi iskar ɗakin. Duk wanda ya fahimci wannan labari ya kama zaren maganar kare kai lokacin annoba, domin ba yawan matakan da mutum ya ɗauka ne ke tsare shi ba, dacewarsu da hanyar da cutar ke bi ne.

Ƙwayar bairos ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike, ba ta ma iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ko dabba. Kullum ɗauko ta ake yi a kai ta. Korona da mura da ƙyanda numfashi suke hawa. Ebola sai an taɓa jini ko amai ko gudawa ko gawar wanda ta kama. Norobairos, mai haddasa amai da gudawa, da shan-inna, daga bayan gida suke tasowa su bi hannu da ruwa su koma baki. Zazzaɓin shawara da na denge sauro ne direbansu, kuma irin sauron da ya fi cizo da rana. Zazzaɓin Lassa daga fitsari da kashin ɓera yake farawa. Ƙyandar biri ta fi bin haɗuwar fata da fata, da tufafi ko shimfiɗar mai ƙurajen. Saboda haka idan aka ce annoba ta ɓarke, tambayar farko ita ce ta ina take shiga. Ta biyu kuma, wadda aka fi mantawa da ita: shin mai ɗauke da ita yana yaɗawa tun kafin jikinsa ya nuna? Mai Ebola ba ya yaɗawa sai ciwon ya bayyana. Mai korona kuwa yana iya rabawa kwana 1 ko 2 kafin ya yi tarin farko, wani ma har ya warke bai san ya yi ta ba. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sauya duk lissafin.

Cututtukan numfashi su suka fi wahalar da duniya, kuma a kansu aka fi yin kuskure, har da manyan hukumomi. Shekara da shekaru an ɗauka cewa yawancinsu tsartuwar yawu da majina ce ke kai su, wato manyan ɗigo masu nauyi da ke faɗuwa ƙasa cikin mita 1 ko 2. A kan wannan fahimta aka gina shawarar ba da tazara da goge tebur. A ƙarshen Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce korona ba ta yawo a iska. A watan Yuli na shekarar, masana 239 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa, wadda Farfesa Lidia Morawska ta Ostireliya da Farfesa Donald Milton na Amurka suka jagoranta, suna cewa a sake duba maganar. Sai a ƙarshen Afrilu 2021 hukumar ta gyara bayaninta ta amince ƙarara cewa ƙananan ƙwayoyin numfashi na iya rataye a iska su yi nisa a ɗakin da ba ya shan iska. A wannan watan ne kuma hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa haɗarin kamuwa da korona daga taɓa abin da ƙwayar ta sauka a kai bai kai 1 cikin 10,000 ba. Kafin nan an kwashe shekara guda ana fesa magani a kan tituna, ana wanke ledar kayan da aka sayo, ana killace wasiƙu, tagogi kuma a rufe. An bar jaki ana dukan taiki.

Ban ga laifin masu gogewar ba sosai. Gogewa aiki ne da ido ke gani, mai yi ya ji ya yi wani abu, mai kallo hankalinsa ya kwanta. Iska kuwa ba a ganinta, balle a yaba wa wanda ya gyara ta.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce a ɗauki numfashin mai cutar kamar hayaƙin taba. Idan mai shan taba ya wuce ka a fili, ɗan warin ne zai buge ka ya watse. Idan ka tsaya gab da bakinsa, ko a fili ne za ka shaƙa. Idan kuwa ɗaki ɗaya kuka zauna, ƙofa da taga a rufe, bayan awa guda ko kana can ƙuryar ɗakin hayaƙin ya ishe ka, tazarar mita 2 ba ta hana komai ba. Idan ya tashi ya fita ma, warin na nan na wani lokaci. Ƙyanda haka take yi: tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa riga-kafi da suka kusance shi, kusan 9 sai sun kamu.

Daga nan mutum zai iya auna kowane wuri da kansa, ba sai an rubuta masa doka ba. Wurin a rufe yake ko a buɗe? Mutum nawa ne a ciki? Minti nawa zan yi? Me ake yi da baki? Wannan ta ƙarshe ba a cika kula da ita ba, alhali mai shiru da mai magana da mai ɗaga murya da mai waƙa ba daidai suke fitar da ƙwayoyin numfashi ba, kowanne ya ninka na bayansa. Shiga kanti na minti 5 a yi sayayya a fito ba ɗaya ba ne da zaman taro na awa 3 a ƙaramin ofis ana musu. Binciken da aka yi a Hong Kong a 2020 ya gano cewa kashi 19 cikin 100 na masu korona su ne suka haddasa kashi 80 cikin 100 na yaɗuwarta, yawancin masu ita ba su shafa wa kowa ba. Ma'ana, annobar ba ɗiga take yi daidai-wa-daida ko'ina ba, fashewa take yi a wasu 'yan wurare, kuma wuraren duk kamanninsu ɗaya: rufaffe, cunkoso, dogon zama, surutu. Wanda ya ƙaurace wa irin waɗannan na 'yan makonni ya rage babban rabon haɗarinsa ba tare da ya kulle kansa a ɗaki ba.

Akwai wani ruɗi game da na'urar sanyaya ɗaki. Sanyi ba sabuwar iska ba ne. Yawancin na'urorin da ake maƙalawa a bango iskar ɗakin suke zuƙa, su sanyaya ta, su dawo da ita, ba sa kawo ko ɗaya daga waje. A watan Janairu 2020, a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, motocin bas 2 suka ɗauki mutane zuwa wani taron ibada. A ɗaya daga cikinsu, mai mutum 68, akwai fasinja ɗaya mai ɗauke da korona, na'urar sanyi kuma tana juya iskar ciki. Tafiyar zuwa da dawowa minti 100 ce. Mutum 23 suka kamu, har da waɗanda ke zaune nesa da inda cutar take. A ɗaya motar ko mutum ɗaya bai kamu ba. Fanka ma a rufaffen ɗaki dama iskar kawai take yi. Abin da ke aiki shi ne a buɗe taga biyu masu fuskantar juna, ko taga da ƙofa, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ko ɗan buɗi kaɗan ya fi babu. A ƙaramar mota ma haka ne: a sauke gilashi, a kashe maɓallin da ke juya iskar ciki.

Takunkumin fuska ya sha jayayya fiye da kima, har ya koma alamar siyasa a wasu ƙasashe, amma batunsa bai kai haka rikitarwa ba. Abu biyu ne: ingancin abin da aka yi shi da shi, da yadda ya kama fuska. Nau'in N95 da takwarorinsa FFP2 da KN95 an ƙera su ne su tace aƙalla kashi 94 zuwa 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, matuƙar sun manne. Na asibiti mai shuɗin launi yana tacewa, sai dai iska na zillewa ta gefen kumatu da saman hanci. Na ƙyalle shi ne ƙarshen sahu. Iska ruwa ce a wannan fanni, inda ta ga kafa nan take bi, shi ya sa takunkumi mai tsada da aka sa sakwa-sakwa ba lallai ya fi mai araha da aka ɗaure da kyau ba. Idan tabarau na yin hazo, alama ce numfashi na fita ta sama, a matse ɗan ƙarfen hancin. Wanda ya sauke shi ƙasan hanci kuwa, haɓarsa ce ta tsira. Mafi ban dariya shi ne mai saka shi yana tafiya shi kaɗai a fili, ya zo ya shiga ɗaki cike da mutane ya cire domin a ji maganarsa da kyau. Garkuwar roba mai haske da ake rufe fuska da ita tana tare tsartuwa zuwa ido, amma ba ta tace iska. Safar hannu kuma, ga wanda ba jinya yake yi ba, hannu na biyu ne kawai da ba a wankewa.

Wannan ba ya nufin wanke hannu ya tashi a banza. Tun 1847 likita Ignaz Semmelweis ya nuna a wani asibitin birnin Biyena cewa wanke hannun likitoci da ruwan kulorin ya karya yawan mutuwar masu jego, abokan aikinsa kuma suka ƙi yarda da shi. Ga cututtukan amai da gudawa da Ebola, hannu shi ne babbar ƙofa. Sabulu yana aiki biyu: yana farfasa rigar maiƙo da ke lulluɓe da ƙwayoyi irin na mura da korona da Ebola, yana kuma saɓule sauran daga fata ruwa ya tafi da su. Daƙiƙa 20 ake so, har tsakanin yatsu da babban yatsa da ƙarƙashin farce. Man tsaftace hannu yana maye gurbi idan sinadarin alkohol da ke cikinsa ya kai kashi 60 cikin 100, kuma hannun babu datti a bayyane. Amma ga inda ake tuntuɓe: norobairos ba ta da waccan rigar maiƙon, man ba ya yi mata wani abin kirki, sai ruwa da sabulu. Ƙwayar da ke hannu kuma ba ta ratsa lafiyayyar fata, jira take yi a kai ta ido ko hanci ko baki. Wani bincike da aka yi kan ɗaliban likitanci a Ostireliya, aka wallafa a 2015, ya ƙirga cewa suna taɓa fuska kusan sau 23 a awa ɗaya. Ɗaliban likitanci fa.

Sai tafiya. Mutane sun fi tsoron jirgin sama, alhali idan ya lula iskarsa ta fi ta yawancin ofisoshi tsabta. A manyan jiragen zamani ana sabunta iskar sau 20 zuwa 30 a awa, kusan rabinta daga waje, sauran kuma sai ta bi ta matata mai kama fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyi. Sai dai matatar ba ta shiga tsakaninka da wanda ke tari a kafaɗarka, numfashinsa zai riske ka kafin ya isa wurinta. Ranar 15 ga Maris, 2003, wani dattijo mai SARS, wata cutar numfashi mai tsanani, ya hau jirgi daga Hong Kong zuwa Beijing, tafiyar awa 3, aka samu kusan mutum 20 da suka kamu, wasu ma layuka da dama ne tsakaninsu da shi. Kuma tafiya ba zaman kujera kaɗai ba ce. Akwai layin tantancewa, da ɗakin jira, da motar da ke kwasar fasinjoji zuwa gindin jirgi an cusa su kamar ashana, da lokacin da jirgi ya sauka kowa ya miƙe ya cunkushe a hanya ana jiran a buɗe ƙofa. A waɗannan wurare ne takunkumi ya fi amfani, a nan ne kuma aka fi cire shi don gajiya. Motar doguwar tafiya da jirgin ƙasa ba su da irin waccan matata a mafi yawan lokuta, taga ce abin dogaro. Jirgin ruwa na shaƙatawa shi ne ƙarshen misali: Diamond Princess da aka tsayar a tashar Yokohama ta Japan a Fabrairu 2020 yana ɗauke da mutum 3,711, fiye da 700 suka kamu da korona.

Ma'aunin zafin jiki da ake ɗora wa matafiya a goshi, shi ma sai a yi masa adalci. Ga Ebola yana da ɗan ma'ana, tunda mai yaɗawa yana da alamu. Ga korona kuwa ramin kura ne da aka rufe da tabarma: mai ɗauke da ita da bai fara zazzaɓi ba zai wuce, wanda ya sha maganin sauke zazzaɓi ma zai wuce. Kada ganin an auna kowa ya sa mutum ya saki jiki.

Shirin tafiya na gaske tun kafin a ɗaure kaya yake farawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Riga-kafi yana buƙatar lokaci kafin garkuwar jiki ta koyi darasin. Katin shaidar riga-kafin zazzaɓin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun Yuli 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa a ƙa'idar ƙasa da ƙasa. Na mura da na korona kusan mako 2 suke ɗauka. Idan inda za a je denge ake fama da shi, takunkumin fuska ba shi da aiki, maganin shafawa na korar sauro da tufafi masu rufe hannu da ƙafa su ne guzuri, kuma da rana, ba da dare kaɗai ba. Mai juna biyu da tsoho da mai ciwon suga ko mai raunin garkuwar jiki, lissafinsu daban ne da na matashi mai ƙoshin lafiya, wata tafiyar ɗage ta ya fi. Wanda kuma ya wayi gari da zazzaɓi da tari ranar tashi, ya sani shi ne dattijon jirgin Beijing na wannan rana. Annobar SARS ta 2003, wadda ta kama mutum kusan 8,000 ta kashe kusan 800, kwana ɗaya na wani likita mara lafiya a bene na 9 na wani otal a Hong Kong ne ya watsa ta zuwa Kanada da Singafo da Biyetnam.

A gida fa, idan wani ya kwanta? Da yawa sukan ce ai shi ke nan, tunda rufi ɗaya muke kowa sai ya yi. Ba haka ba ne, an sha ganin gidajen da mutum ɗaya ya yi ta ya warke saura lafiya lau. A ware masa ɗaki idan da hali, in babu a nisanta shimfiɗa a bar taga a buɗe. Mutum ɗaya ya riƙa jinya, kuma kada ya zama tsoho ko mai wani ciwon. Duk lokacin shiga, su biyun su sa takunkumi. Idan amai da gudawa ne, hankali ya koma kan makewayi da ruwan bilic da wanke hannu. Idan kuwa ana zargin Ebola ko Lassa ne, jinyar gida ba ta taso ba sam, a kira jami'an lafiya. A annobar Ebola ta Afirka ta Yamma daga 2014 zuwa 2016, wadda ta kama mutum fiye da 28,000 ta kashe fiye da 11,000, masu jinya da masu shirya gawa su ne suka fi faɗawa.

Kowace annoba tana zuwa da 'yan rakiya, wato magungunan jita-jita. A Agusta 2014 saƙon waya ya karaɗe Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha domin kauce wa Ebola, mutane suka kwanta a asibiti, wasu suka mutu, ba Ebolar ce ta kashe su ba. A Iran a 2020 ɗaruruwa suka rasu bayan shan gurɓataccen sinadarin metanol da aka ce yana kashe korona. Maganin antibayotik ma, da ake rububinsa da zarar an ji tari, bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairos.

Dawowa daga tafiya ba ita ce ƙarshenta ba, domin cuta tana da kwanakin ɓuya. Mura kwana 1 zuwa 4, korona har zuwa 14, Ebola 2 zuwa 21. A cikin waɗannan kwanaki duk zazzaɓin da ya taso, abu na farko da za a faɗa wa likita shi ne inda aka je da ranar da aka dawo, ko bai tambaya ba. Lokacin da wani matafiyi mara lafiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yuli, 2014, Dakta Stella Adadevoh ce ta yi zargin Ebola ta kuma hana a sallame shi duk da matsin lamba. Ta rasa ranta, amma cutar ta tsaya a mutum 20 a ƙasar baki ɗaya, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ta ƙare. A Satumbar wannan shekarar kuma, Thomas Eric Duncan ya isa birnin Dallas na Amurka daga Laberiya, ya je asibiti da zazzaɓi, ya ma ambaci cewa daga Afirka yake, amma aka ba shi antibayotik aka sallame shi. Bayan 'yan kwanaki aka dawo da shi a motar asibiti, aka gano Ebola ce, ya rasu ranar 8 ga Oktoba. Ma'aikatan jinya 2 da suka kula da shi lokacin da ciwon ya yi tsanani sun kamu, duka suka warke. Mutanen da suka zauna gida ɗaya da shi a kwanakin farko, an killace su kwana 21, ko ɗaya bai kamu ba.